Amsoshin tambayoyinku: ƙaramin injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa

Tambaya: Ni kafinta ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ina son sayen injin CNC samfurin 3018 don zanen ƙofofi da fuskar gado. Zai yi?

Amsa: Malam, ba zai yi ba, kada ka zubar da kuɗinka. Sunan injin shi ne girman filin da yake iya sassaƙawa: santimita 30 a tsawo, 18 a faɗi, bakinsa kuma, wato ƙarfen da ke yankan katakon, ba ya hawa da sauka fiye da santimita 4.5. Aikinsa allon suna, lambar gida, hatimi da adon allon zayyana. Ƙofa sai babban inji irin 1325, mai ɗaukar fallen filawud guda cur. Amma idan koyo kake so, saye shi, domin harshen umarni na G-code da yake ji shi manyan ma suke ji.

Tambaya: Daga yankin Ɗambatta nake. Intanet ɗinmu ba ƙarfi, kwamfutata kuma tsohuwa ce. Wace manhaja ta dace da ni?

Amsa: Aikin hawa uku ne: zane, fitar da hanyar da baki zai bi, sai tura wa inji umarni. Easel tana da sauƙi, amma a intanet take zaune, da sabis ya ɗauke ka tsaya. Fusion 360 tana son kwamfuta mai ƙarfi, tana kuma neman intanet lokaci-lokaci. Mu dai shawararmu: Inkscape don zane, FreeCAD don hanyar yanka, Candle ko Universal Gcode Sender don turawa. Duk kyauta ne, duk suna aiki ba intanet. FreeCAD tana da wuyar sha'ani a makon farko, ka yi haƙuri da ita.

Ranar da ka shiga Kano, ka sauke su a filashi, ka haɗa da direban CH340, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da injin. Rashinsa ne yakan sa kwamfuta ta ƙi ganin injin, mutum ya ɗauka lalatacce aka sayar masa. A manhajar turawa, saurin sadarwa ka sa shi a 115200.

Kafin ka taɓa katako, ka gwada awo. Umarci injin ya yi tafiyar milimita 100, ka auna da tef. Idan 98 ya yi, ɗauki lambar da ke $100 (ta tafiyar hagu da dama) a saitin GRBL, wato manhajar da ke cikin injin, yawanci 800 ce, ka ninka ta da 100, ka raba da 98, ka shigar da sabuwar. Haka za ka yi wa $101 (gaba da baya) da $102 (hawa da sauka), sai dai ita $102 da gajeriyar tafiya za ka gwada, ka sa tsawonta a maimakon 100 a lissafin. In ba haka ba, ka zana da'ira ta fito kamar ƙwai.

Tambaya: Ina Gumel. Bakina uku sun karye a mako ɗaya, kuma da an ɗauke wuta aikin ya ɓaci.

Amsa: Zurfi kake ba shi da yawa. Motar lantarki samfurin 775 da ke juya bakin injin ba ta da ƙarfin cin milimita 3 a tashi ɗaya. Da baki mai kaurin milimita 3.175, fara da zurfin rabin milimita a katako mai tauri irin maɗaci, milimita 1 a MDF (allon da aka matse daga garin katako), gudu kuma kamar milimita 300 a minti. Ka saurari kukan injin: idan ya koma gurnani, rage. Katakon ya zama busasshe, a ɗaure tam a kusurwa huɗu, da wani falle a ƙarƙashi don kare teburin.

Batun wuta, kada ka jona shi kai tsaye da layin KEDCO ko ƙaramin janareto. Injin bai san inda ya tsaya ba idan wuta ta yanke. Abin da yake ci bai wuce wat 120 ba, wato bolt 24 da amfiya 5, don haka ƙaramar inbata da batiri ɗaya sun riƙe shi tare da kwamfuta. Ka kuma yi alama da fensir a daidai wurin da ka fara, don ka iya komawa.

Lokacin hunturu, ka riƙa goge sandunan da burushi bayan kowane aiki, ka ɗiga ɗan mai mara kauri. Giris mai yawa ƙura yake tarawa har injin ya riƙa tsallake taku. Garin MDF kuwa yana cutar da huhu, kada ka yanka shi ba takunkumi.