Amsar tambayarka kan majalisar ginin kare muhalli

Wa alaikumus salam yarona, na ga saƙonka tun daren jiya sai yanzu na samu zama. Kace injiniyan da kuke aiki a ƙarƙashinsa a Abuja kullum bakinsa na kan wata majalisa mai ba gini satifiket na kare muhalli, har ya hana ku watsar da ragowar kwaɓi da fasassun bulo yadda aka saba, shine kake tambaya wai abin na Turawa ne da manyan kamfanoni ko ya shafi irinmu magina masu cokali da filam. Ya shafe ka mana, kai ma ka fi injiniyan, domin shi a takarda yake rubutawa, kai ne zaka ɗora bulo kan bulo.

Majalisar da yake faɗa ba hukumar gwamnati bace kuma ba kamfani bane mai neman riba, ƙungiya ce da masu zanen gini da injiniyoyi da 'yan kwangila da masu sayar da kayan gini suke haɗuwa su kafa. A Amurka an kafa tasu a 1993, su ne suka fito da ma'aunin da ake kira LEED, ana duba gini a bashi maki kan wutar da yake ci da ruwa da kayan da aka yi shi da su da iskar da mutanen ciki ke shaƙa, maki 40 an ci satifiket, 50 azurfa, 60 zinare, 80 zuwa sama shine ƙololuwa. Ingila ma ta riga su, tun 1990 suke da nasu ma'aunin BREEAM. A 2002 aka kafa uwar ƙungiya ta duniya wadda yanzu ƙasashe sama da 70 ke ciki, Afirka ta Kudu ta kafa tata a 2007, mu ma muna da tamu, Green Building Council Nigeria. Aikinsu horar da mutane, wayar da kai, da bin gwamnati ta gyara dokokin gini. Akwai kuma wani ma'auni mai sauƙi, EDGE, na hukumar IFC ta Bankin Duniya, shi sharaɗinsa gini ya rage kashi 20 cikin 100 na wuta, kashi 20 na ruwa, da kashi 20 ta ɓangaren kayan gini in aka gwada shi da ginin da aka saba yi a garin. Ka tambayi injiniyanku wanne suke nema a ciki, zai ji daɗi ka tambaya.

Dalilin duk wannan hayaniya kuwa siminti ne da wuta. Kafin buhu ɗaya ya iso hannunka sai an ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, man da aka ƙona yana fidda hayaƙi, shi kansa dutsen yana fidda nasa, shi yasa siminti kaɗai ke da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Toh kaga lebura ya kwaɓa baro uku ana saura rabin awa a tashi, ya bushe a ƙasa da safe a kankare a zubar, kuɗin mai gida ne ya tafi kuma an ƙona dutsen nan a banza. Injiniyanku yana da gaskiya, fasassun bulon nan ciko ne mai kyau a ƙarƙashin daɓe.

Amma kar ka ji nace a rage siminti ka ɗauka irin ragin masu buga bulo nake nufi, waɗanda buhun da ya kamata ya fidda bulo mai inci 9 guda 25 zuwa 30 sai su ja shi ya haura 40, ka ɗaga bulo yana zubar da yashi a hannunka. Wannan ha'inci ne, kuma ginin da za'a rushe a sake bayan shekara goma ya ci siminti sau biyu kenan. Haka ban ruwa, in an zuba dakin, wato rufin kankare, ko linta a bashi ruwa aƙalla kwana 7 a rufe shi da buhu jiƙaƙƙe, ƙarfinsa sai kwana 28 yake cika, duk wanda ya hana shi ruwa a zafin watan Afrilu ya zubar da rabin amfanin simintin da ya saya.

Inda nafi so ka buɗe ido shine zafi, don nan ne aikinmu yake nunawa. Tun ranar da za'a ja igiyar fandisho ka duba gabas da yamma. Dogayen bangwaye su kalli kudu da arewa, manyan tagogi su zauna a can, gabas da yamma a ƙanƙanta taga ko a sa baranda ko a dasa bishiya, saboda ranar la'asar in ta bugi gilashi kai tsaye ɗakin nan ba zai kwantu ba har tsakar dare. Kowane ɗaki a samu taga biyu a bango daban daban don iska ta shiga ta fita, kuma a bar ƙaramar kafa can sama kusa da silin a sa mata raga, iska mai zafi sama take hawa, in bata samu hanya ba nan zata zauna a kan mutane. Rufi kuma shine babban mai laifi. Wannan yayin na baƙin kwano da ake yi yanzu wallahi yana bani takaici, a garin da zafi ke haura digiri 40 mutum ya sa baƙi a kansa sannan ya sayi esi da janareto yana kukan kuɗin mai. Kwano mai haske, tazara tsakaninsa da silin da kafofin da iska zata ratsa, abin tare zafi a shimfiɗa in da hali, bakin rufin ya fito kamar ƙafa biyu ya yi wa bango inuwa ya kare shi daga ruwa. Gwamnatin tarayya ta fitar da dokar tsimin wuta a gine-gine a 2017, in ka duba abubuwan da ke ciki ai su ne waɗannan, girman taga, inuwa, rufi, fitilu da irin esin da za'a sa.

Duk wannan fa kakanninmu sun san shi. Ka shiga tsohon soro a cikin birnin Kano ko Zariya da azahar ka ji, bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi gari ya huce, ga rufi can sama, ga ƙananan tagogi. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, da tubali da azara ya ɗaure bakan gizon nan masu ɗauke da rufinsa, babu rodi ko ɗaya, masana gini daga ƙasashen waje sun sha zuwa kallo. A Nijar Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Na zamanin nan ma, Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da rufin ɗakin yadda iska ke wucewa a tsakani, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, kyauta mafi girma ta masu zanen gini. Mariam Issoufou kuma ta yi sabon masallaci a Dandaji cikin jihar Tawa ta Nijar da bulon jar ƙasa na inji, tsohon masallacin aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Amma mu nan da zarar kace ƙasa sai mai gida ya ɓata rai wai ka raina masa arziki.

Bulon jar ƙasan nan na inji ina so ka koye shi da gaske. Ana tankaɗe ƙasa, a sa siminti kaɗan kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa ba a jiƙa sharkaf ba, ka dunƙula a hannu ka sake shi daga tsayin ƙirji, in ya fashe gida huɗu ko biyar ruwan ya yi daidai, in ya baje gari ya yi kaɗan, in ya zauna dunƙule ya yi yawa. Inji ya matse, a jera a rufe da leda ana yayyafi kamar sati biyu, sannan a bari ya bushe a inuwa ya cika sati huɗu. Maƙiyin ƙasa ruwa ne, don haka fandisho da jeri biyu ko uku na farko a yi su da dutse ko bulon siminti, a shimfiɗa ledar tare danshi, indararo ya zuba nesa da gindin bango, kuma ka fi kula da bangon gabas don ta nan hadarinmu ke tasowa. Tsohon ginin tubali kuwa kar ka yarda a ce ka shafe shi da filastar siminti zalla, baya kamawa, danshi ya shiga baya ya rasa hanyar fita wata rana ya ɓanɓaro gaba ɗaya, magabata makuba suke yi da bawon ɗorawa kuma tana riƙewa.

Ruwa ma lissafinsa mai sauƙi ne, milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, rufi mai murabba'in mita 100 in damina ta ba da milimita 800 ya tara lita 80,000, duk muna barinsa ya bi kwata ya cika unguwa, alhali indararo da tanki kawai ake buƙata.

Satifiket ɗin kansa yana da kuɗi, sai an biya masu dubawa, shi yasa zaka fi ganinsa a manyan ofisoshin Legas irin Heritage Place da ke Ikoyi, mai gina ɗaki uku a Rijiyar Zaki ba zai nema ba kuma ba sai ya nema ba, sanyin ɗaki da ragin kuɗin wuta zai samu ko babu takarda. Abin da nake fata daga majalisar tamu shine horon nan ya sauko har wajen birkiloli da kafintoci da masu buga bulo, a yi shi da Hausa da Yarbanci da Ibo a kan sait, don mafi yawan gidajen ƙasar nan babu mai zane a kansu, mai gida ne da magini suke tsayawa su shata da ƙafa. In ka ji za'a yi irin wannan horo ka sa sunanka ko da kuɗinka ne, kuma a sait ɗin da kake yanzu duk abin da aka ce a rubuta, buhu nawa ya shigo, tifa nawa ta fita da shara, ka karɓi aikin rubutun da hannunka don masu duba ginin shaida suke nema ba baki ba.

In zaka zo gida ƙarshen wata ka ɗebo min jar ƙasar wajenku cikin leda, ta ƙasa da ƙafa biyu ba ta sama mai ciyawa ba, ka haɗo da kwalba mai faɗin baki, zamu zuba ruwa mu girgiza mu bari ta kwana, yashi zai kwanta ƙasa laka ta hau sama, in nuna maka yadda ake gane wadda zata yi bulo da wadda sai an ƙara mata yashi. Ka gaida mutanen sait, Allah ya yi maka albarka.