Amsa kan ɗaliban da ke zamewa daga ajin sana'a

Malam, ka ce kun buɗe sashen koyon sana'a a sakandare, amma ɗalibai sun fara zamewa bayan zango ɗaya. Galibi laifin allo ne: ana koyar da wayarin ko ɗinki da alli, hannu bai taɓa kayan aiki ba. Ku mayar da rabin lokacin darasi aikin hannu, kuma kada a wuce mutum 3 kan inji ɗaya, in ba haka ba sauran 'yan kallo ne.

Abin da ya fi damuna shi ne tura waɗanda suka faɗi jarrabawa can. Yara suna ganewa nan take, sai su ɗauki sashen a matsayin hukunci. Ku bar su su zaɓa, da damar sauya fanni cikin shekarar farko.