Bulus Ya Ce Bangaskiya, Yakubu Ya Ce Ayyuka: Wa Za Mu Bi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A wurin nazarin Littafi Mai Tsarki gardama ta kaure tsakaninmu. Romawa 3:28 ta ce ta wurin bangaskiya mutum yake samun karɓuwa ga Allah, ba ta ayyukan Shari'a ba. Yakubu 2:24 kuma ta ce ta wurin ayyuka ne, ba bangaskiya kaɗai ba. Saɓani ne, ko mu ne ba mu gane ba?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Ba idonku ne ya yaudare ku ba, ayoyin nan biyu in aka jera su sai ka ce ɗaya raddi take yi wa ɗaya. A Sabon Alkawari kaf, wuri ɗaya tak aka haɗa kalmomin "bangaskiya kaɗai", a ayar nan ta Yakubu, kuma musanta su aka yi.

Sai dai kalmominsu ne suka zo ɗaya, abin da kowa yake nufi daban. Bulus, a Galatiyawa da Romawa (ta biyun ya rubuta ta wajajen shekara ta 57), yana fama da tambaya guda: wanda ba Bayahude ba, in ya bi Almasihu, dole sai ya yi kaciya, ya kiyaye dokokin abinci da ranaku na Shari'ar Musa? In ya ce "ayyukan Shari'a", waɗannan ne a gaban idonsa. Yakubu kuwa ko sau ɗaya bai ambaci kaciya ba. Dubi misalinsa a 2:15-16: ɗan'uwa ya zo ba sutura, ba abin sawa a baka, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, alhali ko loma ba ka miƙa masa ba. Ayyukan da yake nema ke nan. Bangaskiyar da yake suka kuwa ta fatar baki ce, shi ya sa ya ce aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. A wurin Bulus bangaskiya dogara ce da ke juya rayuwar mutum, shi ne ma ya rubuta a Galatiyawa 5:6 cewa abin da ke da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Da wuya Yakubu ya ƙi sa hannu a wannan.

Inda na fi son in tsaya da ɗalibai shi ne labarin Ibrahim, domin su biyun Farawa 15:6 suka jawo, inda aka ce ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci. Bulus jerin surori ya bi: wannan magana a sura ta 15 take, kaciya sai a sura ta 17, ke nan Ibrahim ya karɓu tun yana marar kaciya, ƙofa kuwa a buɗe take ga waɗanda ba Yahudawa ba, wato al'ummai. Yakubu ya zarce zuwa sura ta 22, ga Ishaku a ɗaure bisa bagade, ya ce a nan ne maganar farko ta cika. Bulus farkon tafiyar Ibrahim yake kallo, Yakubu inda ta kai shi.

Amma kada a goge komai ya zama sumul. Lalle an sha ja-in-ja a ikkilisiyar farko. Bulus da bakinsa ya ba da labari a Galatiyawa 2 cewa a Antakiya Bitrus yana cin abinci tare da al'ummai, da wasu suka iso daga wurin Yakubu sai ya janye jiki, har Barnaba, abokin aikin Bulus, ya bi shi. Bulus ya tsawata masa a bainar jama'a, kuma ka lura, bai ce Bitrus ya amsa laifi ba. A surar dai ya ce Yakubu da Bitrus da Yahaya sun ba shi hannun zumunci a Urushalima, suka roƙe shi ya riƙa tunawa da matalauta. Malamin Jamus ɗin nan na Tubingen, F. C. Baur, a ƙarni na 19 ya ɗauki wannan rikici ya mai da shi mabuɗin dukan tarihin ikkilisiyar farko, ɓangaren Bitrus da na Bulus. A ganina ya wuce gona da iri, amma ba daga iska ya ɗauko maganar ba.

Ni abin da na fi karkata gare shi, Yakubu yana amsa wa mutanen da suka tsinci taken Bulus suka mai da shi lasisin naɗe hannu. Bulus ma ya san ana murɗa maganarsa, ga Romawa 3:8 da 6:1, inda yake kore zancen a ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita. Duk da haka nauyin muryarsu ba ɗaya ba ne. Bulus ba zai taɓa gina jimla irin ta Yakubu 2:24 ba, kuma Yakubu bai yi maganar gicciye da tashin matattu da su ne ƙashin bayan hujjar Bulus ba.

Wannan ne ya dami Martin Luther, malamin Jamus da ya jagoranci rabuwar Furotesta da Katolika. A fassararsa ta Jamusanci ta 1522 ya ƙara kalmar "kaɗai" a Romawa 3:28, ya kira wasiƙar Yakubu ta busasshiyar ciyawa, ya tura ta can ƙarshen Sabon Alkawari tare da Ibraniyawa, Yahuza da Wahayi. Cire ta dai bai yi ba. Mabiyansa da Katolika sun daɗe suna jayayya a kan wannan batu. Sai a ranar 31 ga Oktoba, 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwa guda, cewa da alheri kaɗai ake karɓar mutum ta wurin bangaskiya ga Almasihu, Ruhu Mai Tsarki kuma ya shirya shi ya kira shi ga kyawawan ayyuka.

In kun sake zama, ku karanta Galatiyawa 2 gaba ɗaya, sannan Yakubu 2 tun daga aya ta 1, inda aka ba mai zoben zinariya kujera aka ce wa talaka ya zauna a ƙasa.