Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Ingila karatu

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya su Baba da Inna, ya mutanen Samaru?

Na ji saƙonka. Ka ce ka gama hidimar ƙasa, ka samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a nan Ingila, Baba zai sayar da gonarsa ta hanyar Shika a biya rabin kuɗin makaranta, sauran rabin kuma ka haɗa da aikin da za ka riƙa yi in ka iso. Kana tambaya ko lissafin zai fita. Ba zai fita ba, kuma gara ka ji daga bakina tun gonar tana hannu.

Bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda ka yi aiki a mako matuƙar ana cikin zangon karatu, sai lokacin hutu ne za ka yi cikakke. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a Afrilun 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa. Ka buga da kanka: fam 244 a mako, dubu ɗaya da 'yan kai a wata. In ka juya su naira za ka ga kamar ka warke, kuma a nan ne ake ruɗar samarinmu. Amma ba a Sabon Gari za ka kashe su ba. Ɗaki guda a gidan da kuke haɗa kicin da banɗaki da mutanen da ba ka sani ba zai cinye kusan rabi. Saura abinci, kuɗin bas, waya, rigar sanyi. Abin da ya rage bai isa ya taɓa kuɗin makarantar da ake magana a kan dubban fam ba. Mai cewa ai ana ƙara awoyi a ɓoye bai faɗa maka cewa in an kama ka bizar ce za ta tafi ba, kuma masu ba da irin wannan aiki sun san ba ka da bakin kai ƙara, don haka yadda suka ga dama suke biya.

Tun kafin ka hau jirgi ma akwai kuɗin kiwon lafiya, fam 776 a shekara ga ɗalibi, ga kuɗin biza, ga gwajin tarin fuka, ga kuɗin zama na wata tara da sai sun kwana 28 a jere a asusunka kafin a yarda. Sannan ga naira. Tun da aka sake ta a Yunin 2023, fam ɗin da ake saye ƙasa da naira dubu ya haura dubu biyu a 2024. A 2024 ɗin ne Jami'ar Teesside ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa cika biya, har aka ce su bar ƙasar. Ba malalata ba ne. Kuɗin da suka tanada ne ya narke a hannunsu.

Ka tambayi yadda ake rayuwa a nan. Ni a Birmingham nake, aikina a wani babban sito ne a bayan gari. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, don haka cikin duhu nake fita, cikin duhu nake dawowa. Babu ɗan acaɓa ko adaidaita da za ka ɗaga wa hannu kamar a Kwangila. Bas yana da lokacinsa da tasharsa, in ya wuce ka sai ka tsaya cikin iska da yayyafi ka jira na baya, minti goman da ka makara kuma na'ura ta rubuta. Kuɗin hawa ɗaya ma da gwamnati ta ƙayyade a fam 2 ya koma fam 3 tun Janairun 2025. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sallah. A hunturu azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu suke zuwa, kana tsakiyar aiki, sai ka roƙi mai kula da ku ya ba ka 'yan mintuna. Juma'a ranar aiki ce. Ranar idi ma in ba ka nemi hutu tun da wuri ba, a bakin aiki za ta same ka. Sannan shiru: maƙwabcinka zai yi shekara bai san sunanka ba.

Alherin ƙasar kuwa ba a ɓoye yake ba. Wuta ba ta ɗaukewa, laburare na nan da duk abin da kake nema, digirin shekara ɗaya a shekara ɗaya ake gama shi, kai da ka yi wata takwas a gida a yajin aikin 2022 ka san darajar wannan. Masallatai da naman halal sun wadata a unguwannin Small Heath da Alum Rock na nan Birmingham. Ba na cewa kar ka zo.

Amma ƙofa ƙara tsukewa take yi. Daga Janairun 2024 mai digiri na biyu irin naka ba ya zuwa da iyali. A Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, don haka duk dillalin da ya ce zai sayar maka da takardar wannan aiki damfararka zai yi. Shekara biyun da ake ba wanda ya gama karatu ya nemi aiki za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Batun baƙi shi ne abin da 'yan siyasarsu suka fi ja a kai yanzu, kuma ba mu manta tarzomar da ta biyo kisan yaran nan na Southport a 2024 ba, lokacin da aka far wa masallatai da otal-otal ɗin masu neman mafaka.

Shawarata, ka rubuta wa jami'ar su ɗaga maka gurbin zuwa baɗi, da yawansu suna yarda. Ka kama aiki a gida ko da koyarwa ce, domin tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, sai da gogewar aiki ta shekara biyu, amma shi yana biyan makaranta da jirgi da kuɗin zama, da sharaɗin ka koma gida na shekara biyu bayan ka gama. Ka nemi na Commonwealth ma, da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, tunda injiniyanci ka karanta. Turo min takardar gurbin da bayanin kanka da ka rubuta musu, in duba maka su ranar Lahadi in Allah ya kai mu. Ka gaida kowa da kowa.