Dodon da yara za su so, ba wanda za su guje wa ba

Ɗana, ka ce ka ƙera dodo a manhajar ƙera katun ta Blender, ka nuna wa ƙannenka sai ƙaramar ta ɓarke da kuka, alhali dodannin katun na Amurka su ma da fiƙa da ƙaho, amma yara har 'yar tsanarsu suke so a saya musu. Kana tambayar me ya raba naka da nasu. Na duba aikin. Hannunka ya faɗa, sai dai kai dodon tsoro ka ƙera tsantsa, su kuwa jariri suke ƙerawa sannan su ɗora masa ƙaho.

Fara da awo. Tsawon babban mutum ya kai kansa bakwai da rabi, kai kuma haka ka auna dodonka. Rage shi zuwa kai uku, ko biyu da rabi, ka ƙara masa tumbi, ka gajarta ƙafafu. Tun 1943 Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi, ya nuna cewa babban kai, faffaɗan goshi, manyan idanu da suka sauko ƙasa da gajerun gaɓoɓi su ke sa mutum ya ji yana son ya ɗauki abu ya rungume. Idanun naka suna can sama dab da ƙaho. Sauko da su ƙasa da tsakiyar fuska, ka faɗaɗa baƙin idon, ka sa ɗigon haske a kansa. Ƙanƙanin baƙi a cikin farin ido mai yawa kallon mahaukacin kare ne, ido marar ɗigon haske kuwa idon gawa. Haƙora ka bar huɗu ko shida, ka dakushe tsininsu, kar dasashi ya fito. Inda duk ka ga alwatika a jikinsa, in ba ƙahon ba, mayar da ita da'ira. Ka kuma ɗauke fitilar da ka ajiye a ƙarƙashin haɓarsa, don ko fuskarka aka haska daga ƙasa yaro zai tsorata.

Abin da ke jan mai kallo bai wuce abin da ke cikin tatsuniyarmu ba. Dodo ya fi Gizo ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kullum shi ake yi wa wayo, yara kuma su ƙyalƙyale da dariya don abin da suke tsoro ya zama abin tausayi. Saboda haka ba dodonka wani rauni: tsoron kyankyaso, ko tsoron maigidansa a wurin aiki. Wannan na biyun shi ke riƙe uban da ya kawo yara kallo, don ya san zafin makara da tarin takardun ofis. Halittar wata duniya kuma baƙo ne da bai san al'adar gari ba. Ya ga tsintsiya ya gaishe ta, ya ga sabulu ya kai baki. Yaro na ganin kansa a cikinsa, tunda shi ma kullum gyara masa ake yi a duniyar manya.

Mu masu sana'ar muna da tamu ribar. A 1970 Masahiro Mori, injiniyan mutum-mutumi a Japan, ya lura cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai kai ba ya fi tayar da tsigar jiki. Kuskure kaɗan a fatar mutum ko motsin leɓensa, kowa zai gani. Dodo kuwa wa ya taɓa ganinsa balle ya ce ba haka yake ba? Ka lura Pixar, kamfanin fina-finan katun na Amurka, da kayan wasa ta fara a 1995, sai ƙwari a 1998, sai dodanni a 2001, kafin ta ɗora fim kacokan a kan mutane.

Amma dariyar kanta a lissafin firam take, wato hotunan da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya su ba da motsi, nan kuma aikinka ya fi rauni. Sakan ɗaya firam 24 ne. Kowane motsi kashi uku gare shi: yunƙuri, aikin kansa, da tsayawa. A ce dodon zai yi ruri sai atishawa ta ƙwace masa. Ba shi firam 10 zuwa 12 ya ja baya, ƙirji ya cika, kafaɗu su tashi, don mai kallo ya san wani abu na tafe. Atishawar kar ta wuce firam 3 ko 4. Daga nan ka tsayar da shi kamar firam 20 yana zare ido cikin kunya, ya ƙifta sau ɗaya, ƙiftawar firam 6. A wannan tsayawar ake dariya. Kai ka raba firam ɗin daidai wa daida, shi ya sa yake motsi kamar yana cikin ruwa. In kuma ka daskarar da shi ƙam, sai a zaci kwamfuta ce ta maƙale, don haka bar tumbin yana ɗan hawa da sauka.

Idan ya diro ƙasa jikinsa ya lotse, in ya yi tsalle ya miƙe, amma yawan naman kar ya sauya: tsawo ya ragu, faɗi ya ƙaru. In ka manta da wannan sai ya zama balan-balan mai sacewa. Tafin ƙafarsa ma yana sulɓi a ƙasa, shi ya sa ba a jin nauyinsa. Kulle tafin da IK, wato tsarin da ke riƙe tafi a wuri ɗaya sauran ƙafar na bin sa, har sai ɗaya ƙafar ta sauka. In mai ido ɗaya za ka yi, ka sani ba shi da gira biyu da za su yi magana, fatar idon ce za ta ɗauki fushi da mamaki da shakka, don haka tanadar mata siffa aƙalla shida.

Gashi kuwa, haƙura da shi tukuna. Sulley, dodon fim ɗin Monsters, Inc., gashi sama da miliyan 2.3 ne a jikinsa, sai da Pixar ta rubuta manhaja ta musamman don motsa shi, kuma a lokacin firam ɗaya kan ci awa 11 zuwa 12 kafin ya fito. Da kwamfutarka da wutar unguwarku ba za ka kai labari ba. Yi masa fata mai laushi, shuɗiya ko koriya, da 'yan ɗige-ɗige, ka guji launin ɗanyen nama da sheƙin majina.

Kafin ka sa launi, cika shi da baƙi ƙirin ka duba inuwarsa kawai. In ba a gane fushi yake ko kunya ba, sake tsayuwar. Sannan ka yi min atishawar nan a sakan biyar, firam 120, ba murya ba kiɗa, ka nuna wa ƙanwar taka kafin ka kawo min.