Tambayi Likita: Keke da babur masu caji a titunanmu

Wata uwa daga unguwar Yelwa, Garwa: Likita, ɗana mai shekara 14 ya faɗo daga ɗan keken nan mai caji da ake tsayawa a kai, kansa ya bugi kwalta. Ya tashi garau, har ya ci tuwo. Sai na kai shi asibiti?

Hajiya, cin tuwon nan kada ya ruɗe ki. Akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashin ƙashin gefen kai, gaba da kunne kaɗan, inda ƙashin ba shi da kauri. In ta tsage, jini yakan taru sannu a hankali ya danne ƙwaƙwalwa. Yaro zai yi hira, ya yi dariya, sai bayan 'yan sa'o'i a ga ya fara gyangyaɗi. Ki sa masa ido kwana biyu. Idan ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, ko maganarsa ta rikice, ko ruwa ko jini ya fito ta kunne ko hanci, kada a jira gari ya waye. A tafi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. In kuwa ya suma lokacin faɗuwar, ko da na ƙiftawar ido ne, yau ɗin nan za ku je. Farasitamol kaɗai za ki ba shi, ban da asfirin da ibufurofen, don suna iya ƙara zubar jini.

Iyaye na raina abin nan saboda kama da kayan wasa da yake yi. A Faransa doka ta tsayar da gudunsa a kilomita 25 cikin awa, amma wanda ya ci karo a wannan gudun tamkar ya faɗo ne daga katanga mai mita biyu da rabi. Ga ƙananan tayoyi, ramin da moto zai haye shi kuwa sai ya kifa da mutum ta ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau na rage raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. Ki saya masa, a kuma riƙa ɗaure igiyar haɓa. Wadda ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa.

Wani ɗan kasuwa daga Domayo, Marwa: Saboda ɗauke wuta, da dare nake cajin babur ɗina a ɗakin da muke kwana. Akwai illa?

Akwai, Alhaji, ka fitar da shi tun daren yau. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, kai ma ka san Marwa a watan Afrilu, ma'auni na haura 40. In ya kama da wuta, cikin daƙiƙoƙi yake tashi, hayaƙinsa mai guba ne, mai barci kuwa hayaƙi ke fara kashe shi kafin wuta ta iso. Kada kuma ka mayar da shi zaure ya tare muku hanyar fita. Ka yi caji a inuwa, inda iska ke shiga, da cajarsa ta asali, bayan batirin ya huce. Wanda ya kumbura ko yake wari, a rabu da shi. Idan wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.

Wata ɗaliba daga Ngaundere: Na dafa ƙasa da hannu da na faɗi. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, amma mako biyu gindin babban yatsana na ciwo.

'Yata, a nan akwai wani ɗan ƙashi da jini ba ya isa gare shi sosai, karayarsa kuma sau da yawa ba ta fita a hoton farko. In aka yi ta murza shi ba zai haɗe ba. Ki je a yi hoto, a sa miki filastar ɗaure karaya.

Wani dattijo daga Kuseri: Sau biyu yaran nan masu keken caji suna kusa bankaɗe ni a hanyar masallaci da asuba. Ba na jin zuwansu. Kunnena ne ya lalace?

Baba, mai yiwuwa kunnenka lafiya lau, injin ne ba ya ƙara. Mun saba tsallaka titi da kunne, yanzu sai an haɗa da ido. Birnin Faris ma ya kori kekunan haya masu caji da ake tsayawa a kai daga titunansa a 2023, bayan mazauna sun kaɗa ƙuri'a. Ka kunna tocila ka riƙe lokacin fita asuba, ka bi gefen da kake fuskantar masu tahowa. Amma in har a gida ma ana maimaita maka magana, ka je a auna jin naka.