Ku Tambaya Mu Amsa: Kifin shak da direban da ke Lome

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dai ɗana direban tirela ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome, to in suna jiran lodi sai su tahi bakin teku shi da abokai har hoto yake turo min ruwa iya gwiwa. Shekaranjiya aka turo bidiyo a gurup ɗinmu na mata wai kifin shak ya cinye mutum ana kallo, wallahi tun ranar barci sai ɓarawo. In hana shi zuwa ne?
Wata uwa, Bagalam, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare mana shi ya dawo da shi lafiya. In bidiyon nan ne na Hurghada a Masar da ya zaga wayoyi a watan Yuni 2023, inda shak ya kashe wani saurayi ɗan Rasha dab da gaɓa, to ba haɗi ba ne, ya faru. Amma kin san abin da ya sa duniya ta ɗauka? Don ba kasafai ake gani ba. Akwai masu ajiye lissafin cizon shak a Jami'ar Florida ta Amurka, a 2023 ɗin duk duniya sun ƙirga mutum 69 da ya ciza ba tare da sun tsokane shi ba, 10 suka rasu, kuma sama da rabin cizon a Amurka ne sai Ostireliya. Ki ajiye wannan gefen maciji, wanda hukumar lafiya ta duniya ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Kin ga manomin da ya shiga gonar hatsi ba takalmi da damina ya fi ɗanki kusa da haɗari, macijiyar nan gobe-da-nisa ba ta da bidiyo ne kawai.

Shak ya haura iri 500, uku ne dai suka yi ƙaurin suna wajen cizo, babban farin nan, da mai zane kamar damisa, da wani gajere kakkaura da har kogi yake shiga irin Zambezi. Babbansu ma gaba ɗaya, mai tsawon da ya kai mita 12, ƙananan halittun ruwa yake tacewa ya haɗiye, ba ruwansa da kowa.

Ni abin da zan ce ki ja masa kunne a kai shi ne ruwan kansa. Tekun Lome da Kwatano igiyarsa na da ƙarfi, ga wani jan ruwa da ke kwashe yashi ƙarƙashin ƙafar mutum ya yi ciki da shi, kuma mu 'yan Maradi ai iyonmu bai wuce na Gulbi da tafkin Madarunfa ba, wasu ma ko wannan babu, sai cika baki. Kar ya wuce gwiwa, kar ya shiga shi kaɗai ko da magariba, in kuma ruwa ya ja shi kar ya yi kokawar komowa kai tsaye don gajiya zai yi, ya bi ta gefe har ya fita daga jan.

TAMBAYA: Malam wai ana cin shak kuwa? Halal ne? Abokina ya ce 'yan Sin miya suke yi da shi.
Ɗalibi, Ali Ɗan Sofo

AMSA: Ƙanena abokinka bai yi ƙarya ba. A Malikiyya dabbar teku halal ce, kuma a Gana da Senegal ana cin namansa, a sa gishiri a shanya. Sai dai in bai samu gyara da wuri ba zarni yake yi kamar bayan katanga.

Miyar ce matsalar. Ba nama ake so ba, fiffiken ake so, guringuntsi ne da ko ɗanɗano babu sai romon kaza da aka zuba masa, amma a wajen biki alamar arziki ce, kuma Hong Kong ce babbar kasuwarsa. To da yake fiffike ya ninka nama tsada kuma ba ya cin wuri a jirgi, wasu masunta sai su jawo kifin su yanke na baya da na gefe da wutsiya su tura shi ruwa da ransa, ya nutse ƙasa yana motsi ba halin iyo. Ni wannan ko akuya ba zan so a yi wa ba. Ga kuma waɗanda ke faɗawa raga da ƙugiyoyin da aka ɗana wa wasu kifaye. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta shak miliyan 100 ake kashewa a shekara, wani na 2021 ya nuna na tsakiyar teku da danginsu sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970.

Kuma ba tarwaɗa ba ne da za ta zuba dubban ƙwai damina ɗaya ta cika tafki. Da yawansu haihuwa suke, 'ya'ya kaɗan, wasu cikin ma kusan shekara, na yankin Girinlan can arewacin duniya mai ƙanƙara kuwa sai ya yi wajen shekara 150 kafin ya balaga. A taron duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Panama a 2022 ƙasashe sun amince sai da takardar izini za a fitar da fiffiken ire-irensu da dama zuwa waje, amma wa zai bi kowane jirgi tsakiyar teku ya leƙa buhunansa?